Tudun da Kwamfutarku Ta Ba Ni, Kwaɗi Ke Kuka a Cikinsa

Zuwa ga Babban Manaja,
Kamfanin da ya yi hanyar da ta bi ta bakin gonata,
Ofishin Mubi, Jihar Adamawa.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da iyali, da ma'aikata, da kuma kwamfutocin ofis, musamman waccan da ta san gonata.

Sunana Hajiya Larai. Na yi aikin jinya a asibitocin wannan yanki har na yi ritaya. Kakana ya zo Mubi daga ƙasar Katsina da fataucin goro, ya ga wuri ya zauna. Mahaifina ya bar mini gona guda a bayan gari, ta wajen Mayo Bani, ita nake nomawa tun da na ajiye farin kaya. Kai ba ka san ni ba, amma masu gadin ofishinka sun san ni sosai, har ɗayansu yakan goge mini benci da zarar ya hango ni. Duk zuwan da na yi, ko dai kana Yola, ko kana Abuja, ko kana taro. Shi ya sa na ce bari in rubuta a fili, wataƙila wani da kuke taron da shi ya karanta ya ba ka labari. Ban sa sunanka ko na kamfaninka ba, don ba tozarci na zo yi ba. Ai ka san kanka.

Kafin ƙorafi, godiya. Hanyar ta yi kyau. Da can, in damina ta sauka, mace mai naƙuda sai an ɗauko ta a kan gadon kara har bakin kwalta, kuma ni na san yadda wasunsu ke isowa hannunmu. Yanzu mota na shiga har ƙauye. Allah ya saka da alheri. To, ga abin da ya kawo ni.

NA ƊAYA: ALKAWARI

A ranin da kuka fara aiki, jami'inku mai hulɗa da jama'a ya zo gidana da fara'a da leda cike da lemo. Ya ce a ƙarshen gonata akwai wani tudu mai jar ƙasa irin wadda hanya ke so. Gaskiya ne, tudun nan ba ya fitar da komai sai ƙaya da kunama, ko akuya ba ta daɗewa a kansa. Muka je wurin tare da Jauro, wato mai unguwarmu, da maƙwabcin gonata Baba Tumba, dattijo ne mutumin duwatsun Michika wanda muka yi shekara da shekaru muna iyaka ba a taɓa jin kanmu ba. A gabansu jami'inku ya ce za a yanke kan tudun kawai, a daidaita shi da sauran gonar, a mayar da baƙar ƙasar sama, in samu ƙarin wurin shuka. Na yarda. Har na yi masa addu'a, abin da har yau in na tuna nakan ciji yatsa.

Masu awo suka zo da na'urarsu mai ƙafa uku da doguwar sanda, suka wuni suna zagaya tudun suna rubutu. Na aika musu da kunun gyaɗa. Bayan su sai ga katafila da jerin tifa.

Sun yanke kan tudun kamar yadda aka ce. Da suka iso daidai da gona, ba su tsaya ba. Na tambayi mai kula da aikin, ya ce ƙasar da ke can ƙasa ta fi ta sama kyau, kuma kada in damu, in an gama za a cike. Suka yi ta nutsawa har na daina ganin katafila daga bakin hanya, sai hayaƙinta. Ranar da suka kwashe kaya, masu awo suka dawo, suka sauka cikin ramin da sandarsu, suka sake awo. Wannan karon ban aika kunu ba.

NA BIYU: ABIN DA DAMINA TA YI

Ruwan farko ya taru a ƙasa. Kafin tsakiyar damina na mallaki kududdufi mai zurfin da dogon mutum zai tsaya a ciki, wani ya hau kafaɗarsa, kuma ba a ga hular na sama ba. Ruwan ja ne, ba a sha, ba a wanki. Sauro kuwa sun samu gari. Na shafe rayuwata ina yi wa mutane wa'azin kada su bar ruwa ya kwanta a kwanon kaji, ga shi yau ni ce mai babbar ma'aikatar sauro a yankin. Tsofaffin abokan aikina sun ji, kuma ba su bar ni na huta ba.

A nan zan ajiye wasa kaɗan. Baba Tumba yana da bijimai biyu na huɗa, da su yake nome gonarsa da tawa. Wata safiya yana kora su ta gefen ramin, gaɓa ta zaftare da ɗaya, babban, mai farin goshi. Maza suka taru da igiya, aka sha wuya kafin a jawo shi, sai aka tarar ƙugunsa ya karye. Baba Tumba Kirista ne, amma shi da kansa ya aika a kira liman ya yanka, don kowa a unguwa ya iya ci. Aka raba nama. Shi bai ci ba. Ya zauna a kan garmarsa yana kallon ɗayan bijimin da ke ta waiwaye yana neman ɗan'uwansa. Bana da aron saniya ya yi huɗa, kunyoyin duk a karkace, kuma bai taɓa ce mini komai ba, wanda ya fi mini ciwo da a ce ya yi faɗa.

Gaɓar ba ta daina ci ba. Yanzu ta kusa taɓa 'yar hanyar ƙafa da mata ke bi zuwa mayo, wato rafi, da tulu a kai, yara kuma na bi zuwa makaranta.

NA UKU: ALBISHIR DAGA OFISHINKU

Bayan zarya mai yawa, wata rana aka shigar da ni ofis mai sanyi. Wani jami'i, ba wancan mai lemo ba, ya shimfiɗa mini taswira mai launi a kan tebur. Ya ce an bincika ƙorafina a kwamfuta, kuma yana farin cikin sanar da ni cewa ba a bar mini rami ba. Ya ɗora yatsa a kan wani shuɗin tabo mai faɗi, ya ce shuɗi na nufin inda aka ƙara ƙasa. Bisa lissafin na'ura, kamfani ya mayar da gonata har ya wuce, ya bar mini rarar ƙasa mai tarin yawa, tudu guda. Ya nuna mini adadin, ya nuna mini sa hannunka a ƙasa. Sa hannunka na da kyau, ranka ya daɗe, yana da wata jela mai lanƙwasa.

Na ce masa shuɗin ya dace, domin ruwa ne a wurin. Ya yi murmushin da mu ma mukan yi wa majinyacin da ya zo da sunan cutarsa daga gida. Ya ce, "Hajiya, kwamfuta ba ta ƙarya."

Sai na ce to, na gode, amma ni tsohuwa ce, ba ni da abin da zan yi da tudu. Tunda ƙasar kamfani ce, ina roƙon a zo a kwashe rarar. Fuskarsa ta washe. Ya ce ai dama suna neman jar ƙasa don gyaran kafaɗar hanya. Abin da na yi wata da watanni ina nema ban samu ba, wato a turo mota gonata, aka amince da shi kafin in gama gyara mayafi.

NA HUƊU: RANAR KWASAR TUDU

A cikin makon suka zo, tifa da motar loda ƙasa. Na sanar da Jauro da Baba Tumba, su kuma ban san wa suka sanar ba, amma jama'a sun taru, har da mai sayar da rake. Direban tifar, wani bawan Allah mai suna Ɗan'azumi, ya sauko ya gaishe ni da ladabi, ya tambaya ina tudun. Na nuna masa. Ya dubi ruwa, ya dube ni, ya zagaya bayan gonar ko akwai wani tudu da ya ɓuya, ya dawo. Ya kira ofis a waya. Muna ji ana ce masa ya duba da kyau, ya bi lambobin da aka tura masa. Ya bi lambobin a wayarsa, yana tafiya yana kallon allo, har takalminsa ya taɓa ruwa. Wayar ta ce ya ci gaba.

Baba Tumba, wanda tun rasa bijiminsa ban ji ya yi raha ba, ya matso ya ce masa, "Ɗana, ka hau a hankali. Tudun nan tana da santsi."

Ɗan'azumi mutum ne mai hankali. Da ya ga an riga an ƙona mai, ya ari bokiti ya wanke tifarsa tas da ruwan tudun, ya yi mana sallama ya tafi. Ina roƙon kada a tuhume shi da komai. A duk motocin kamfaninku, tasa ce kaɗai ta taɓa amfana da wannan tudu.

NA BIYAR: YADDA AKA HAIFI TUDUN

Da labari ya koma ofis cewa tudu ya ɓata, sai aka turo wata matashiyar injiniya ta nemo shi. Sunanta Masi. Ta zo a bayan ɗan acaba da kwamfutarta a jaka. Ta tsaya a bakin ramin ta dube shi da kyau, sannan muka zauna a gindin tsamiya ta buɗe na'urar a cinyarta. Zan maimaita abin da ta koya mini, don na lura a ofishinku ba kowa aka yi wa wannan bayani ba.

Ta ce masu awo kan ɗauki tsayin ƙasa a wurare masu yawa, kowane ɗigo da lambarsa. Manhajar da injiniyoyi ke zane da ita sai ta haɗa ɗigogin nan uku-uku da layuka, ta saƙa su kamar ragar kamun kifi, har siffar ƙasar ta fito: inda ya tashi ya tashi, inda ya lotsa ya lotsa. Wannan ragar ita suke kira shimfiɗa. Gonata tana da shimfiɗa biyu, ta ranar da na aika kunu da ta ranar da ban aika ba. Don a san ƙasar da ta motsa, sai a ɗora ɗaya bisa ɗaya, a ce wa kwamfuta ta ɗebe wannan daga waccan. Inda sabuwa ta faɗa ƙasa da tsohuwa, an kwashe ke nan, sai ya fito ja. Inda ta hau sama, an ƙara, sai ya fito shuɗi.

Amma kafin ta ɗebe, manhajar takan yi tambaya biyu, kowacce da gurbinta: wace ce shimfiɗar asali, wace ce kuma za a gwada da ita. Masi ta buɗe wurin, ta duba, ta rufe ido. Sunayen shimfiɗun biyu kusan iri ɗaya ne, lamba guda ce ta bambanta su a ƙarshe. Wanda ya yi aikin ya sa ta bayan aiki a gurbin asali, ya sa ta asali a gurbin bayan aiki. Kwamfuta ta karanta tarihin gonata daga ƙarshe zuwa farko. A wurinta, ni na gaji rami daga mahaifina, kamfaninku ya zo ya tausaya mini ya gina tudu.

Ta musanya su a gabana, ta danna. Kafin in ƙifta ido shuɗin nan duk ya koma ja wur. Adadin bai canja ba ko kaɗan, alamar da ke gabansa ce kawai ta juya. Na tambaye ta wa ya yi wannan aiki, ta ce ba ta zo ba da sunan kowa ba, kuma kuskure ne da ke iya samun duk wanda ya gaji. Na yarda da ita. Jami'inku ma ya yi gaskiya, kwamfuta ba ta yi ƙarya ba, abin da aka ba ta ta ɗebe.

Abin da ban yarda da shi ba daban ne. A ɗakin haihuwa mukan auna jariri ran da ya zo, mu sake auna shi bayan wata, mu ɗebe. Mai gajiya na iya juya lissafin ya rubuta cewa yaro ya rame. Sai dai kafin a faɗa wa uwar, wani yakan ɗaga ido ya dubi yaron. Taswirar gonata ta bi tebur bayan tebur, kowa ya sa hannu, aka soke kuɗin cike rami saboda babu rami, ba a samu mutum ɗaya da ya hau babur ya je ya duba ba. Daga ofishinku zuwa gonar, shayi ba zai gama hucewa ba.

Masi ta ƙara yin wani abu kafin ta tafi. Na gaya mata ni ban ce a mayar mini da tudun ƙaya ba, shi kyauta na bayar. Sai ta zana shimfiɗa ta uku, shafaffiya, daidai da tsayin sauran gonar, wato alkawarin da aka yi gaban Jauro, ta ɗebe ramin daga gare ta. Abin da ya fito shi ne ƙasar da za a zuba, ba ƙari ba ragi. Tana nan a kwamfutarku, sai dai in an goge.

NA SHIDA: ABIN DA YA BIYO BAYA

Ta rubuta rahoto ta miƙa. Na jira har aka girbe gyaɗa. Da na koma, aka ce mini an rufe fayil ɗin aikin, hukuma ta karɓi lissafin yadda yake, kuma gyara shi yana nufin a rubuta cewa an yi kuskure, abin da sai Manaja ne zai iya. Na tambayi inda Masi take, aka ce an mayar da ita wurin fasa dutse ta hanyar Belel, tana ƙirga tifa masu fita. Ban ce saboda gonata ba ne. Na dai lura cewa a cikin duk 'yan ofis da suka taɓa wannan magana, ita kaɗai ce ta je ta ga ramin, kuma ita kaɗai aka ɗauke.

Saboda haka a yau, a hukumance, ina da tudu. Da ina da mugun hali da na sa shi a kasuwa, tunda ina da takarda mai sa hannun Manaja.

BUƘATUNA

1. A cike ramin zuwa daidai da gona kafin ruwan farko, a mayar da baƙar ƙasa a sama. Ba sai an sake awo ba, awonku na karɓa hannu bibbiyu. A dai ɗebe shi ta daidai.

2. Tun kafin nan, a kafa shinge a gefen da mata da yara ke bi. Wannan ba ya jiran fayil. Na karɓi isassun yaran da aka tsamo daga ruwa a gadon asibiti a zamanin aikina, ba na so in ga wani a gonar mahaifina.

3. A saya wa Baba Tumba bijimi. Bai nema ba, kuma ba zai nema ba, zai ma ji haushi in ya ji na rubuta. A bar ni da haushinsa, na saba. Wani daga cikinku ya kai masa da kansa, ya zauna ya ba shi haƙuri kamar yadda ake ba dattijo.

4. A mayar da Injiniya Masi bakin aikinta. Kun kashe kuɗi kun ɗauki mai ido, kada ku bar ta tana ƙirga tayoyi.

5. Duk taswirar da za ta iso teburinka nan gaba, ka tambaya ko akwai wanda ƙafarsa ta taka wurin. In babu, ka riƙe jelar sa hannun nan tukuna.

Akwai wani abu na ƙarshe da ya kamata ka sani, kuma na rantse ba ni na fara shi ba. 'Yan acaba masu zuwa daga Muchalla sun mai da bakin gonata wurin sauke fasinja, kuma kowane wurin tsayawa sai da suna. Suna kiransa Tudun Manaja. Kwanan baya na hau bayan wani yaro da bai san ni ba, na fara yi masa kwatance, ya katse ni ya ce ai ya gane, Tudun Manaja zan sauka. Na tambaye shi wane manaja, ya ce shi ma bai sani ba, amma an ce babban mutum ne mai yawan kyauta.

Ka san garin nan, in suna ya kama wuri ba ya saki. Akwai unguwannin da ke amsa sunan bishiyar da aka sare tun ban yi wayo ba. In aka cike ramin bana, na shuka masara a kai, sunan zai mutu da kansa, don ba wanda zai ga abin dariya a gonar masara. In kuwa aka bar shi ya ƙara damina biyu, to, watarana jikokinka za su biyo wannan kyakkyawar hanya da ka gina, direba ya rage gudu ya nuna musu ruwa, ya faɗi sunan. Yara kuma akwai tambaya.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya albarkaci zuri'arka, ya buɗa wa kamfaninka ayyuka masu yawa, ya hore maka ma'aikata masu gaya maka gaskiya, ya kuma ba ka haƙurin jin ta. Allah ya rage maka yawan taro, ya nufe ka da zuwa gonata. Tabarma na nan a gindin tsamiya, kuma in ka zo da tifa cike, zan dama kunu.

Wassalam.

Taka mai fatan alheri,
Hajiya Larai,
Ma'aikaciyar jinya mai ritaya, Mubi.